Makokin da ba a shimfiɗa masa tabarma

Idan mutuwa ta shiga gida a Ka'oje, kowa ya san abin yi. Kafin a dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, maƙwabta sun ɗora tukunya. Za a yi kwana uku ana karɓar gaisuwa, wasu gidajen su ƙara da sadakar bakwai da ta arba'in, matar mamaci kuma ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma. Duk wanda ya shigo yana da kalmar da zai faɗa, mai rashi ma yana da amsar da zai mayar. Amma akwai wani rashi da al'adarmu ba ta tanadar masa komai ba, shi ne na ranar da mahaifiya za ta dubi ɗanta, ta gaishe shi cikin ladabi kamar baƙo, ta tambaye shi daga wane gari yake. Babu mai zuwa yi masa ta'aziyya, domin ga tsohuwar nan zaune tana shan fura. Shi kuwa ya san abin da ya rasa, kuma zai ci gaba da rasa shi kaɗan-kaɗan har tsawon shekaru.

Ra'ayina shi ne wannan rashi na gaske ne, kuma ɗan da ya nemi sanyin zuciya a wurin wasu sababbin mutane yayin da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke dusashewa bai ci amanar kowa ba. Sau da yawa ma waɗannan sababbin mutane sun fi shi iya zama da marar lafiyar.

Mun saba kiran abin da gigin tsufa, sunan kuma yana ruɗar da mu, domin yana sa a ɗauka duk wanda ya tsufa haka zai zama. Alhali ga dattawa nan 'yan shekara casa'in suna lissafa zuriyar gari kaf ba tare da tuntuɓe ba. Cutar mantuwa ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da ita, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kusan miliyan 10 ke ƙaruwa kowace shekara. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Akwai kuma wanda ke biyo bayan lalacewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, abokin tafiyar hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. A Najeriya, binciken haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indianapolis ta Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 1995, ya sami cutar a jikin kashi 2.29 cikin ɗari na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan, a kan kashi 8.24 na baƙaƙen fatar Indianapolis. Adadinmu ya fi ƙanƙanta, amma kashi biyu cikin ɗari na tsofaffin ƙasa mai yawan jama'a irin tamu gidaje ne masu ɗimbin yawa. Ga mai neman shaida daga Littafi, aya ta 70 ta Suratun Nahli da aya ta 5 ta Suratul Hajji duk sun ambaci wanda ake mayarwa ga mafi raunin shekaru har saninsa ya kuɓuce masa.

Abin da ya kamata mai jinya ya fahimta shi ne yadda cutar ke cin tunani. Daga sama take farawa. Abin da aka ci da safe shi ne ke fara ɓacewa, sai labarin bara, sai sunayen jikoki, alhali rijiyar da aka yi ɗiban ruwa a cikinta ana 'yar shekara goma tana nan daram. Masanin Faransa Théodule Ribot ya rubuta wannan tsari tun 1881. Harshe ma haka yake bi: wanda ya koyi yare na biyu da girmansa yakan fara sakin sa, ya koma wanda aka yi masa tawai da shi a goye.

A nan ne Ka'oje ta zama wurin da ya dace a yi wannan tunani. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi, tsallaken Kogin Kwara, a yankin da ya jingina da Jamhuriyar Benin. Iyakar da ke wurin ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, wadda ta raba ƙasar Borgu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa ta faɗa hannun Ingila. Takarda ta raba ƙasa, amma aure da kiwo da kasuwa ba su daina tsallakawa ba. A wannan yanki ana jin Fulatanci da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Busanci, kuma ba abin mamaki ba ne a sami matar da aka auro daga wajen Segbana, ta yi shekara hamsin tana Hausa da mijinta da 'ya'yanta. Idan cutar ta kama irin wannan uwa, Hausar na iya zubewa, ta koma Fulatancin ruga ko yaren ƙauyensu. 'Ya'yan da ta tura makaranta Birnin Kebbi da Sakkwato da Zariya, waɗanda suka iya Hausa da Turanci har da Larabci, sai su tsaya a kanta suna jin sauti ba sa gane magana. Da la'asar ta yi kuma, lokacin da masu wannan ciwo suka fi rikicewa, sai ta ɗaure ƙullin kayanta ta ce za ta tafi gida. Gidan da take nufi yana wata ƙasa, iyayen da take sa ran tararwa sun daɗe a ƙasa, ita kuwa ba ruwanta da shingen Tsamiya, balle labarin rufe iyakoki da aka yi a watan Agustan 2019.

To, wa zai zauna da ita? Ɗa yana shigowa ɗaki ne da kaya a kansa. Tambayarsa ta farko ita ce, “Inna, kin gane ni?” Tambaya ce ta ƙauna, amma ga marar lafiya jarrabawa ce da take faɗuwa kullum, kuma ko ta manta dalili tana ganin ɓacin rai a fuskar mai tambaya. Idan ta ce mahaifinta na jiran ta, ɗan zai gyara mata, ya ce ai ya rasu tun kafin a haife shi, sai ta ji mutuwar sabuwa fil, ta yi kuka, gobe a maimaita. Yana yin haka ne domin yana neman uwar da ya sani, yana fatan wata kalma za ta dawo masa da ita.

Wanda bai san ta a da ba ba ya neman komai. Amaryar da aka kawo gidan bara, ko maƙwabciyar da ta tare kwanan nan, ko mai tallar nono da ke jin yarenta, suna karɓar tsohuwar yadda suka same ta. Idan ta kira amarya da sunan ƙanwarta da ta rasu, amarya za ta amsa, su ci gaba da tsince wake. Jikoki ma suna da wannan sauƙi, kuma al'ada ta riga ta share musu hanya: tun asali kaka na kiran jikanta namiji mijinta, mace kuma kishiyarta, ana raha, ba mai cewa an yi ƙarya. Abin da masu kula da irin waɗannan majinyata ke koyarwa a yau, wato kada a yi gardama da marar lafiya, a bi shi zuwa zamanin da yake ciki, wasan jika da kaka ya daɗe yana yin sa. Sai dai yana da ciwo ɗa ya leƙo ya tarar uwarsa na dariya da baƙuwa, shi kuwa ta rufe fuska da mayafi don kunyarsa. Kishi yakan shiga, kuma ba a faɗin sa.

Pauline Boss, masaniyar zamantakewar iyali a Jami'ar Minnesota, ta fara nazarin irin wannan baƙin ciki a shekarun 1970 a wurin iyalan matuƙan jiragen yaƙin Amurka da suka ɓace a yaƙin Biyetnam, ba gawa ba labari. Daga baya ta ga cewa iyalan masu cutar mantuwa suna cikin irin wannan hali ta ɗaya fuskar: can jiki ne babu, nan kuwa ga jiki, mutumin ne ke tafiya. Abin da ta lura da shi shi ne rashin da ba shi da ranar farawa ba shi da ranar ƙarewa yana daskarar da mutum, ya kasa makoki, ya kasa ci gaba da rayuwa. Mun san irin wannan a gidajenmu. Akwai 'yar da ta ɗage aurenta shekara bayan shekara domin ba ta ga yadda za a yi kiɗa Baba na kwance bai san inda yake ba. Akwai ɗan da ya fara kai damuwarsa wurin surukarsa, yana cin tuwonta yana jin abin da ya daɗe bai ji ba, sannan ya dawo gida da nauyin zuciya kamar wanda ya yi sata. Dangi kuma ba sa rasa abin faɗa: ya sami sabuwar uwa, ya manta da wadda ta haife shi.

Wannan zargi bai san al'adar da yake da'awar karewa ba. Hausawa da Fulani ba su taɓa taƙaita zumunci ga jini ba. Muna da riƙo, inda goggo ko kawu ke ɗaukar yaro ya zama nasu ba tare da an soke iyayensa ba. Muna da uwar ɗaki da uban gida, da aminci da ƙawance. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, an bayyana yadda mace ke ɗaukar yarinyar da ba danginta ba ta zama ƙanwar ranarta, da haƙƙoƙi sanannu a tsakaninsu. Fulani makiyaya, musamman a Nijar, suna da habbanaye: ka ba wani aron saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'yan maruƙan ya dawo maka da uwar, daga nan kun zama 'yan'uwa. Mutanen da suka ƙirƙiro duk waɗannan hanyoyi sun san cewa wanda ya haife ka ba zai ishe ka dukan rayuwa ba. Mai jinyar da ke da wurin da zai sauke nasa nauyin shi ne ke komawa ɗakin marar lafiya da haƙuri. Wanda aka hana shi kowa shi ne ake jin muryarsa ta tashi da tsakar dare.

Akwai inda maganata za ta iya zama mafakar malalaci, kuma mu masu aiki a birane mun fi kowa kusa da wannan rami. Abu ne mai sauƙi mutum ya zauna Abuja ko Kaduna, ya tura kuɗi ta waya ƙarshen wata, ya ce ai Inna ta fi sakewa da matar ƙanensa. Ta yiwu gaskiya ne ta fi sakewa da ita. Amma wankin zanin da aka ɓata, da farkawa sau huɗu a dare, da bin sawu cikin gonakin gero idan tsohuwa ta fice, duk suna kan wannan mata, wadda galibi yarinya ce mai goyo, kuma ba ta da kaso a gado. Idan sabuwar dangantaka ce ke riƙe da iyayenmu, to tana da haƙƙi a kanmu: a karɓe ta ta huta, a biya wadda aka ɗauka aiki albashin kirki, a daina yi mata kallon mai neman wani abu. A ɗaya ɓangaren kuma, ba duk mai kusantar tsohon da ya rikice ne ke zuwa don Allah ba. Inda akwai shanu da gonaki, akan sami wanda zai kawo takarda a dangwala masa hannu. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, cinikinsa da kyautarsa ba sa ƙulluwa, kuma aikin 'ya'ya ne su tsare wannan ƙofa tun da wuri.

Haka nan aikinsu ne su kai shi asibiti. Ba kowace rikicewa ce cutar mantuwa ba. Zazzaɓi, ciwon mafitsara, ƙarancin bitamin B12, ciwon damuwa, ko haɗuwar magunguna barkatai na iya birkita tsoho, kuma waɗannan ana warkar da su. Daga Ka'oje tafiyar ba ƙarama ba ce zuwa Birnin Kebbi, balle Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, amma sunan ciwo daga bakin likita yana da wani amfani ko da babu maganin warkewa: yana toshe bakin masu cewa aljanu ne, ko mafi muni, maita. Tsohuwar da ke yawo da dare tana ambaton matattu ita ce irin wadda yatsa ke saurin nunawa, kuma kisan Akua Denteh, 'yar shekara 90, a Kafaba ta arewacin Ghana a watan Yulin 2020 ya nuna inda wannan zargi ke kaiwa.

Ranar da mutuwar ta zo a ƙarshe, za a shimfiɗa tabarmin, a yi wa 'ya'ya gaisuwa. Da yawansu za su ji kunyar cewa hawayen ba su zo ba, domin sun zubar da su shekaru biyar da suka wuce. Wadda za ta fi kowa kuka wataƙila ita ce maƙwabciyar nan mai jin yaren marigayiya, kuma ba kasafai ake tuna a yi mata ta'aziyya ba. Imam Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya gamu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya sauka ya ba shi jakin da yake hawa, ya cire rawaninsa ya ba shi. Abokan tafiya suka yi mamaki, suna ganin ɗan abu kaɗan ma ya ishi mutumin. Ya shaida musu cewa mahaifin wannan mutum masoyin Umar ne, kuma ya ji daga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa sada zumunci da masoyan mahaifi yana cikin mafi girman biyayya gare shi. A gidan da cutar mantuwa ta yi shekaru, masoyan ƙarshe na mahaifi sau da yawa mutane ne da 'ya'yansa ba su san su ba kafin ciwon: yaron shagon da ke rako shi gida duk ranar da ya ɓata, ladanin da ya bar shi yana tsayawa a sahun farko ko da ya manta adadin raka'a, matar ɗan da ya rasu yana kiran ta da sunan mahaifiyarsa.