Yaronka Ma Baƙo Ne A Makaranta

Duk magidancin da ya kwaso iyalinsa daga Arewa ya sauka a Agege ko unguwar Sabo ta Ibadan, hankalinsa yana kan ɗakin haya da neman abinci. Ba safai yake tuna cewa yaron da ya sa a firamare shi ma baƙunci yake yi ba. Jiya yana cikin dangi, yau ga shi a aji ana Yarabanci da Turanci, ba ya jin ko ɗaya. In ya yi shiru a ce daƙiƙi ne, in ya yi faɗa a ce ba shi da tarbiyya, alhali kuwa tsoro ne da kewar gida.

A shekarar 1969 wata masaniyar halayyar yara, Marjorie Boxall, ta ga yara masu irin wannan damuwa a makarantun unguwar Hackney ta birnin Landan. Sai ta fito da dabarar ƙaramin aji na yara 10 zuwa 12, malama da mataimakiya suna kula da su. A karya kumallo tare, a yi hira da wasa kamar a gida, kullum bisa tsari ɗaya, har hankalin yaro ya kwanta ya koma babban ajinsa.

Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Ya kamata sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin iyaye da malamai su nemi ɗaki guda a makarantun unguwanninmu, mu kuma mu tara kuɗin koko da ƙosai da albashin mataimakiya mai jin Hausa. In muka yi sakaci, yaro zai tsani makaranta, ya ƙare a tasha. Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.