Kare Ba Buhun Masara Ba Ne

Da zarar hutun lokacin zafi ya kama a Birtaniya, sai ka ga wasu ɗalibanmu sun karɓi ajiyar karen mai gidan haya saboda 'yan fama-famai, sun cusa shi a but kamar buhun masara, sun nufi Lake District da tanti. In ka yi magana su ce, "Kare ne fa!" To malam, wannan hujja ba ta ci a nan.

Ƙa'ida ta 57 ta dokokin hanya ta ce a ɗaure kare ko a sa shi a keji, kada birki ɗaya ya wurgo shi kan direba. A filayen da aka buɗe wa jama'a a Ingila da Wales, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, sai da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba, saboda tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa. Kusa da tumaki kuwa duk shekara ne. In ya fafare su, manomi na iya harbe shi, kai kuma sai kotu. Ɗalibi mai biza, me ya yi zafi?

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu fakewa da najasa, su kulle dabba a mota da rana tsaka, ba ruwa, su tafi hawan dutse. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne. Ko da najasa ne, wa ya halatta maka gasa shi? In ɗaukar kwano da ledar kwasar kashi ya fi ƙarfinka, mayar wa mai shi abinsa tun kafin a tayar da mota.