Ka sa injin Beljiyam, to ina "indomin" motar?

Duk wanda ya taɓa bin bayan J5 ɗauke da rake daga Makarfi, ko Golf mai tumatirin Ikara, ya san irin hayaƙin da ake shaƙa. Ka yi wa direban magana, sai ya ce ai kwanan nan ya ɗaura injin Beljiyam.

Sauya inji ba laifi ba ne, talaka ba shi da kuɗin sabuwar mota. Amma injin nan ya sha aiki a Turai kafin ya iso mana. Sannan motoci da yawa an yanke musu matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira "indomi", an sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta.

Tun 2011 hukumar NESREA ke da ƙa'idar hayaƙin motoci. Amma wasu ta waya suke karɓar takardar lafiyar mota, ba wanda ya duba salansa. Su wa ke shan gubar? Yara masu talla a Tashar Yari da Hunƙuyi.

Ɗan'uwa, in za ka sauya inji, tsaya a kan makanikenka ya bar indomin a wurinta, kuma ka kai motar a gwada ta da gaske.