Abin da ya sa ƙananan garuruwan Amurka ke rasa jiragen sama

Fasinjan da ya sayi tikitin kamfanin United ko American zuwa wani ƙaramin gari a Amurka, sau da yawa ba jirgin kamfanin ne ke kai shi ba. Ƙananan kamfanoni irin su SkyWest da Republic ne ke yin wannan jigila da sunan manyan. Babban kamfani ne ke sayar da tikiti, ya yanke farashi, ya zaɓi garuruwan da za a je, shi kuma ƙarami ya kawo jirgi da matuƙa, a biya shi ladan aikinsa.

Wannan tsari ya fara tangal-tangal bayan annobar korona. A watan Maris na 2022, SkyWest ya sanar da ma'aikatar sufurin ƙasar cewa zai daina zuwa garuruwa 29 da yake yi wa United jigila, saboda ƙarancin matuƙa, sai dai ma'aikatar ta umarce shi ya dakata har a sami madadinsa. A watan Satumba na shekarar, American ya janye daga garuruwa huɗu, ciki har da Dubuque a jihar Iowa da Toledo a jihar Ohio.

Tushen matsalar ya girmi korona. A 2009 jirgin kamfanin Colgan, wanda ke yi wa Continental jigila, ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu. Dokar da ta biyo baya, wadda ta fara aiki a 2013, ta ɗaga sa'o'in tuƙi da ake bukata kafin a ɗauki mataimakin matuƙi daga 250 zuwa 1,500. Samun sababbin matuƙa ya ƙara tsada da ɗaukar lokaci, alhali tsofaffi na ajiye aiki da zarar sun cika shekara 65. Lokacin annobar kuma manyan kamfanoni suka sallami matuƙa da dama ta hanyar ritayar son rai. Da tafiye-tafiye suka farfaɗo, sai suka cike gurbin da matuƙan ƙananan kamfanonin da ke yi musu aiki.

Domin riƙe ma'aikatansu, ƙananan kamfanonin suka yi gagarumin ƙarin albashi a 2022. Ƙarancin ya lafa, amma lissafin kasuwa ya sauya. Jirgi mai kujera 50 yana bukatar matuƙa biyu, daidai da mai kujera 150, ga shi fasinjojin da za a raba wa kuɗin ba su da yawa. A watan Afrilun 2025 kamfanin Air Wisconsin, mai irin waɗannan ƙananan jirage, ya daina yi wa American jigila.

Tun 1978 gwamnatin tarayya ke ba da tallafi don kada wasu ƙananan garuruwa su rasa jirgi, amma ba kowane gari shirin ya shafa ba. Waɗanda ke wajensa sai dai su lallashi kamfani da kuɗin al'ummarsu, ko kuma 'yan kasuwa da ɗalibansu su riƙa doguwar tafiya a mota zuwa filin jirgi mafi kusa. Ko da matuƙa sun wadata, da wuya hanyar da aka rufe ta dawo muddin kuɗin tikiti ba zai biya ɗawainiyar ƙaramin jirgi ba.