Hayar Shaguna A Cibiyoyin Kasuwanci Na Ƙananan Garuruwa: Tilas Kuɗin Haya Ya Bi Ciniki

A watan Janairun 2024 ne kantin Shoprite ya rufe reshensa da ke cibiyar kasuwanci ta Ado Bayero a Kano, bayan ya shafe kusan shekaru 10 yana hada-hada a wurin. A duk lokacin da irin wannan ya auku, hankalin jama'a kan karkata ne ga ma'aikatan da suka rasa abin yi. Amma akwai wani rukuni da ba a cika tunawa da shi ba, wato ƙananan 'yan kasuwa masu sayar da tufafi da takalma da turare da wayoyi da abinci, waɗanda suka kama hayar shaguna a kewayen babban kanti saboda cincirindon jama'ar da yake jawowa. Babban kanti yakan tafi da masu sayayyarsa, ya bar ɗan haya da yarjejeniyar da ya riga ya sa wa hannu.

Idan har haka za ta faru a Kano, birnin da ke cike da jama'a da dukiya, to, abin ya fi zama barazana ga garuruwa irin su Umuahiya da Asaba da Effurun, inda aka gina irin waɗannan cibiyoyi domin su ɗauki masu sayayya daga garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Babbar matsalar ita ce, tsarin hayar da ake amfani da shi a waɗannan wurare an ɗinka shi ne daidai wuyan Legas da Johannesburg, kuma ya ɗora dukkan nauyin asara a kan ɗan haya shi kaɗai. Muddin ba a gyara wannan tsari ba, za a ci gaba da ganin gine-gine na alfarma da shaguna a garƙame.

Kamar yadda aka sani, wannan ba shi ne karo na farko da manyan kantuna suka zo suka wuce a Nijeriya ba. Dattawa ba su manta da Kingsway da Leventis da UTC ba, waɗanda suka yi tashe har zuwa shekarun 1970, kafin takunkumin shigo da kaya da kuma faɗuwar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 su durƙusar da su. Sabon zubin ya fara ne a ƙarshen 2005, lokacin da aka buɗe The Palms a Lekki ta Legas. Daga nan abin ya bazu zuwa Inugu a 2011, Ilori a 2012, Kano a 2014, Effurun ta Jihar Delta a 2015, daga bisani kuma Owerri da Asaba da Anaca da Umuahiya. Kusan dukkansu tsarinsu ɗaya ne: babban kanti guda na kayan masarufi a matsayin jagora, sai jerin ƙananan shaguna da ke rayuwa a inuwarsa.

Ga yadda lissafin yake. Mai gini yakan bai wa babban kanti fili mai faɗi a farashi mai rahusa, na tsawon shekaru masu yawa, domin sunansa ne ke shawo kan banki ya ba da rance, shi ne kuma ke kawo jama'a. Giɓin da wannan rangwame ya haifar, ƙananan shaguna ne ke cike shi, domin su ake caja farashi mafi tsada a kan kowane murabba'in mita. Baya ga kuɗin haya, akwai kuɗin hidima na gadi da shara da ruwa da na'urorin sanyaya wuri da man janareta, akwai la'adar dillali da kuɗin lauya, akwai kuma kuɗin gyara shagon da ɗan haya zai kashe daga aljihunsa, wanda ba zai iya ɗauka ya tafi da shi ba ranar da ya tashi.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, da yawa daga cikin manyan cibiyoyin an gina su ne da jarin dala, saboda haka aka ɗaure kuɗin hayarsu da farashin dala, ko da kuwa da naira za a biya. A ɗauka, domin sauƙin lissafi, cewa wani shago ana hayarsa dala 1,000 a wata. A 2014, lokacin da dala ke kusan naira 160, ɗan haya zai biya kimanin naira 160,000. A farkon 2024, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500, wato shagon nan ya koma naira miliyan 1 da rabi a wata, ba tare da an ƙara masa ko taku ɗaya ba. A cikin wannan lokaci, mafi ƙarancin albashi ya tashi ne daga naira 18,000 zuwa naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024. Idan aka auna da dala, albashin ya sauko ne daga fiye da dala 100 zuwa ƙasa da dala 50. Haya ta ninka kusan sau 10, ƙarfin aljihun mai sayayya kuwa ya ragu da fiye da rabi.

Manyan kamfanoni ma ba su iya jurewa ba. Woolworths na Afirka ta Kudu ya bar Nijeriya a 2013, inda ya ambaci tsadar haya cikin dalilansa. Truworths ya bi sahu a 2016, Mr Price a 2020, sannan a 2021 shi kansa uwar kamfanin Shoprite ya sayar da harkarsa ta Nijeriya ga masu zuba jari na cikin gida. Nauyin da ya gagari kamfanoni masu rassa a ƙasashe da dama, ba hikima ba ce a ɗora shi a kan tela ko mai sayar da atamfa da ke da shago ɗaya tak.

Haka nan kuɗin hidima ya zama wata haya ta biyu. Farashin man dizal ya ninka fiye da sau 2 a cikin 2022, an janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sannan a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar lantarki na masu rukunin farko daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. Ginin da aka tsara shi a rufe ruf, ba ya zaunuwa sai da sanyin na'ura daga safe har dare, kuma idan rabin shagunan suka zama kango, sauran 'yan hayar da suka rage su ne akan raba wa kuɗin man. Ta haka tashin mutum ɗaya ke jawo tashin na kusa da shi.

Wajibi ne a fahimci cewa cinikin ƙaramin gari yana da lokutansa. Kuɗi na shigowa ne a ƙarshen wata idan gwamnatin jiha ta biya albashi, da lokacin kaka idan manomi ya sayar da amfanin gona, da kuma lokutan Salla da Kirsimeti. A garuruwan Kudu maso Gabas, watan Disamba, lokacin da 'yan ƙasa mazauna Legas da Kano da ƙasashen waje ke komawa gida, yana da muhimmanci ƙwarai ga cinikin shekara. A wannan yankin ne kuma, daga watan Agustan 2021, zaman gida na tilas na ranar Litinin ya riƙa cinye wa 'yan kasuwa yini guda a kowane mako, alhali kuwa kuɗin haya bai san Litinin ba. Ban da haka, a ƙaramin gari babu kanti na biyu da zai maye gurbin wanda ya tashi cikin gaggawa, kuma tsohuwar kasuwa tana nan kusa, inda ake ciniki a yi ragi, har a ba da bashi ga wanda aka sani.

Shagunan da gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi ke ginawa su ma suna da tasu cutar. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora alhakin kafa kasuwanni da kula da su a kan ƙananan hukumomi, kuma galibi kuɗin hayar da hukuma ke yankawa ba shi da yawa. Sai dai sau da yawa shagon ba ya isa hannun ɗan kasuwa kai tsaye. Masu hanya ne ke karɓar takardun rabo, su sake bayar da hayar a kan ninkin abin da suke biya, su nemi kuɗin shekara 2 a dunƙule. Ɗan kasuwar da ke zaune a ciki ba shi da wata takarda da sunansa, saboda haka ranar da aka zo rushe kasuwa domin sabunta ta, ba shi ake biya diyya ba, ba shi ake bai wa sabon shago ba. Fataken Arewa da ke kasuwanci a garuruwan Kudu, waɗanda da yawansu suka saba ƙulla haya da baki bisa amana, suna cikin waɗanda wannan ya fi shafa.

Gaskiya ne masu gine-gine su ma suna da hujja. Da dala suka sayo janareta da na'urorin sanyi, wasunsu da dala suka ci bashi, wanda ya ranta a gida kuwa ya tarar da kuɗin ruwan da Babban Banki ya ɗaga har zuwa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024. Suna kuma cewa ɗan kasuwa ba ya nuna littafinsa na gaskiya, don haka karɓar kuɗin shekara a gaba shi ne kawai kariyarsu. Wannan ƙorafi abin dubawa ne. Amma shagon da ke rufe ba ya biyan bashin banki, kuma kuɗin da aka ƙwace daga jarin ɗan haya tun kafin ya buɗe ƙofa, shi ne kuɗin da zai sari kayan da za su jawo masu sayayya cikin ginin. Wanda ya biya hayar shekara 2 ya zauna da kanta babu kaya, shi da mai ginin duk sun yi asara.

Mafita ta farko ita ce a raba kuɗin haya gida biyu, kamar yadda aka daɗe ana yi a Amurka da Afirka ta Kudu: ƙaramin kaso tsayayye da naira, wanda ake biya wata-wata ko duk bayan wata 3, sai kuma wani kaso cikin 100 na cinikin da ya haura adadin da aka amince. Idan kasuwa ta yi kyau mai gini ya samu ƙari, idan ta ja baya ɗan haya ya samu numfashi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka gaji ba da jari a raba riba. Batun ɓoye ciniki ma ya ragu, domin tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, kaso mai yawa na sayayya ya koma ta na'urar POS da tura kuɗi ta banki, waɗanda ke barin shaida.

Na biyu, a rubuta a cikin yarjejeniya cewa idan babban kantin ya tashi, ko kuma adadin shagunan da ke buɗe ya gaza wani kaso, kuɗin haya zai sauka, kuma ɗan haya na da ikon tashi ba tare da tara ba idan aka ɗauki watanni ba a samu madadinsa ba. Tun da saboda wannan kanti aka tsauwala farashi, adalci ne farashin ya sauka idan ya tafi. Na uku, kowane shago ya samu mitarsa, a riƙa gabatar wa 'yan haya lissafin kuɗin hidima a rubuce, kuma mai gini ya ɗauki kason shagunan da babu kowa a ciki. Na huɗu, a daina ɗaure haya da dala. Dokar Babban Banki ta 2007 ta tabbatar da naira a matsayin kuɗin biya a Nijeriya, kuma bankin ya yi gargaɗi a 2015 kan sa farashin kaya da ayyuka da kuɗin waje.

Gwamnatocin jihohi na da rawar takawa. Dokar haya da Jihar Legas ta kafa a 2011 ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara 1 daga sabon ɗan haya, kuma babu abin da zai hana majalisun dokokin sauran jihohi yin irin wannan tanadi ga shaguna, tare da tabbatar da ana aiki da shi. Ya kamata kuma duk jihar da ta ba da fili ko rangwamen haraji domin gina cibiyar kasuwanci, ta gindaya sharaɗin ware ƙananan shaguna masu sauƙin haya ga 'yan kasuwar garin. Su kuwa ƙananan hukumomi, su yi rajistar mutumin da ke zaune a shago da sunansa, su soke rabon duk wanda ya karɓa domin ya sake bayarwa haya.

Shi ma ɗan kasuwa sai ya kiyaye. Kafin ya ba da kafin alƙalami, ya zauna a wurin ranakun aiki da na ƙarshen mako, a tsakiyar wata da ƙarshensa, ya ƙidaya masu fitowa da kaya a hannu, domin masu zuwa shan sanyi da ɗaukar hoto ba su ne masu biyan haya ba. Ya tambayi shekarun da suka rage a yarjejeniyar babban kantin. Ya kai takardar wurin lauyansa, ya duba wa'adin notis, da yadda za a riƙa ƙarin haya, da makomar kuɗin gyaran da ya kashe. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da majalisun ciniki na iya ɗaukar lauya guda ya tsara musu samfurin yarjejeniya, su yi ciniki da murya ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bisa ga dukkan alamu, buƙatar kantunan zamani a ƙananan garuruwa ba ta gushe ba. Kantunan cikin gida irin su Roban a Kudu maso Gabas, da Justrite a Kudu maso Yamma, da Sahad da Jifatu a Arewa, sun nuna cewa ana iya riƙe masu sayayya idan aka daidaita girman gini da ƙarfin gari. Abin da ya rage shi ne masu gine-gine da hukumomi su amince cewa ɗan haya abokin tarayya ne a cikin jarin, kuma cibiyar kasuwanci tana tsayawa ne da cinikin da ake yi a cikinta. Yarjejeniyar da ta raba riba da asara tsakanin ɓangarorin biyu ita ce za ta bar ƙofofin shaguna a buɗe.