Ruwan Sha da Adalci: Darasi Daga Tibiri da Madarunfa

Cuta ba ta rabuwa daidai tsakanin jama'a. Ta fi sauka a gidan da ke shan gurɓataccen ruwa, wanda yake nesa da asibiti, kuma ba a shawara da shi. Gyaran wannan hali shi masana ke kira adalcin muhalli. Ma'anarsa ita ce kowa, talaka da mai hali, yana da hakkin samun ruwa da iska da ƙasa masu tsabta. Abubuwa biyu da suka faru kusa da Sarkin Yamma sun isa misali.

Abin da ya faru a Tibiri

A shekarar 1985 aka fara bai wa mutanen Tibirin Gobir ruwan wata rijiyar burtsatse ta kamfanin ruwa na ƙasa. Ruwan garai-garai yake a ido, amma yana ɗauke da wani sinadari na cikin ƙasa mai suna fuliyor. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya. Na Tibiri ya ninka haka fiye da sau uku.

Shekara da shekaru yara suna sha. Haƙoransu suka rine, ƙafafun wasu suka lanƙwashe. Dubban yara abin ya shafa. A 2002 ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam, FIDH da ANDDH, suka bayyana lamarin ga duniya cikin wani rahoto. Lahanin fuliyor ya fi tsanani ga yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, don haka ɗan talaka ya fi cutuwa.

Abin da ya faru a Madarunfa

A watan Yuli na 2018 kwalara, wato amai da gudawa, ta ɓulla a gundumar Madarunfa. Sama da mutum 3,000 suka kamu a Nijar, mafi yawansu a wannan gunduma, fiye da 60 suka rasu. Kwalara tana bin ruwan da bayan gida ya shiga. Inda babu masai, ruwan damina yakan kwashi ƙazanta ya kai ta rijiya da gulbi. Mai famfo a gida yana da kariya. Matar da ke ɗiba a tafki ita ke cikin haɗari, ita da 'ya'yanta.

Me ya kamata mu yi?

A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa ruwan sha mai tsabta hakki ne na kowane mutum. Amma sai yaro ya yi kuka ake ba shi nono.

1. Idan an haƙa sabuwar rijiya, kwamitin ruwa ya nemi a auna ruwan, a karanta sakamakon a gaban jama'a.
2. Mu sani: tafasa ruwa ko sa masa maganin kulorin yana kashe ƙwayar kwalara, amma ba ya cire fuliyor. Maganin wannan sai a sake rijiya ko a tace ruwan da na'ura ta musamman.
3. Idan haƙoran yara da yawa a gari ɗaya suka rine, a sanar da ma'aikatan lafiya.
4. A gina masai nesa da rijiya.
5. A sa mata cikin kwamiti, domin su ke ɗibar ruwa kullum.

Wanda ya iya karatu zai karanta takardar awon ruwa da kansa, ya kuma rubuta koke zuwa ga magajin gari. Mu yi amfani da ilmin da muka samu a ajin yaƙi da jahilci wajen kare lafiyar 'ya'yanmu.