Bokitin Tarakta Ba Katafila Ba Ne

Ina so in kawo wata magana wadda wataƙila wani zai ce ba ta shafi mai koyon aikin malanta ba. Ni kuwa na ga ta shafe shi ƙwarai, gama duk ƙauyen da aka tura malami, shi a kan tambaya abin da ya shige wa mutane duhu, ko da ba shi cikin littafin da ya karanta.

Ƙasar Daura yau aikin baje ƙasa ya yi yawa. Tun da aka kafa babbar makarantar koyon sana'a ta Gwamnatin Tarayya a 2019, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri cikin wannan shekara, sa'an nan a 2021 aka soma hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi wadda ta biyo ta Daura, gine-gine suka yi ta tashi. Masu noman rani kuma a gefen madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam suna bukatar fili shimfiɗaɗɗe, domin ruwa ba ya hawa tudu. Manyan ayyuka suna da katafila da gireda. Amma talaka mai fuloti, da mai gona, da shugaban makarantar da ke son filin wasa, ba su da abin kira sai tarakta mai bokiti a gaba, wadda a kan yi haya daga Mai'aduwa har Ɓaure. To, nan ne ɓarna ke aukuwa.

Abin da na ke so in tabbatar shi ne, wannan bokiti an ƙera shi domin ɗiba da ɗauka da zubarwa. Yana iya baje ƙasa, amma da sharaɗi, kamar yadda jaki ke iya ɗaukar mutum amma ba a fita sukuwar salla da shi. Mafi yawan karyewar da a ke ɗora wa injin, a ce ai kayan zamani ba su da ƙwari, laifin hannun da ke riƙe da shi ne, da bakin da ke tsaye gefe yana cewa a yi sauri.

Ga yadda abin ya ke. Hannuwa biyu na ƙarfe ke riƙe da bokitin, mai kuwa shi ke motsa su, watau man haidirolik da famfo ke turawa cikin silinda, ya fitar da sandar ƙarfe ko ya mai da ita ciki. In direba ya kifar da bokitin sarai, bakinsa ya tsaya ƙyam kan ƙasa kamar fartanya, sandunan nan sun fito iyakar tsawonsu ke nan. In ya ja da baya a haka, ƙasa tana tura bakin bokitin, shi kuma yana danne sandunan daga kai. Kowane yaro da ya taɓa wasa da karan dawa ya san sauran labarin. Ɗauki guntun kara ka danna shi tsakanin tafinka da ƙasa, ba zai lanƙwashe ba. Ɗauki dogo ka danna, nan da nan sai ya yi baka ya karye. Wani masanin lissafi na Turai, Euler, ya fitar da ƙa'idar wannan tun 1744: in aka ninka tsawon siririyar sanda, nauyin da za ta jure kafin ta lanƙwashe ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan darasi ne da za a iya yi wa 'yan aji da kara biyu, ba a sayi kome ba.

Akwai kuma wani abu wanda direbobi da yawa ba su sani ba. Sun ji an ce cikin injin akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa ta saki mai in nauyi ya yi yawa, sai su sakankance. Gaskiya ne akwai ta, amma a yawancin taraktocin gona tana tsaron injin ne sa'ad da hannun direba ke kan liba, mai yana gudana. Da ya saki liba ta koma tsakiya, man da ke cikin silinda ya kullu, ba shi da mafita. In bakin bokitin ya ci karo da kututturen gawo ko dutsen marmara a wannan hali, duk ƙarfin tafiyar tarakta sai ya sauka kan sanda da tiyo. Ko tiyo ya fashe, ko sanda ta lanƙwashe, sanda kuwa in ta lanƙwashe ko kaɗan sai ta riƙa cin robar bakin silinda, mai ya yi ta zuba.

Saboda haka mai hankali ba ya kifar da bokiti sarai. Ya kan karkata shi kaɗan, gindinsa ya kusa kwanciya kan ƙasa, ya sa ƙaramar giya, ya ja da baya sannu. A yawancin waɗannan injuna, in aka tura liba gaba har ta maƙale, hannuwan su kan saku, bokitin ya riƙa bin ƙasa da nauyin kansa kaɗai. Wannan shi ne wurin shafe ƙasa da baya a aikin ƙarshe. Inda za a yanke tudu kuwa, sai a shige shi da gaba, bokiti a kwance, a ɗebi ɗan kaurin tafin hannu, a kai rami a zuba, a komo. Kada a ci da kusurwa guda, gama nauyi in ya faɗa gefe ɗaya ya kan murɗa hannuwan, bokitin ya zauna a karkace har abada, kowane fili ya taɓa sai ya bar shi da gangare. In direba ya ga ƙafafun gaba sun ɗaga sama, to, ya danna fiye da kima, sitiyari ma ba shi da amfani a lokacin. Ya kamata kuma a rataya wani abu mai nauyi a baya, ko garma ko haro, don tayoyin baya su kama ƙasa.

Ƙasarmu tana da nata hali. Jigawa ce mafi yawa, mai taushi, shi ya sa direba kan saki jiki har ya faɗa kan saiwa ko tsakuwa da ke ɓoye. Laka ta fadama kuwa in ta bushe da bazara ta zama kamar tubali. Wanda ya sa bokiti a kanta bai fara bi da haro ya farfasa ta ba, ko bai jira ta sha ruwa ta yi laushi ba, shi ya nemi abin da ya same shi. Rairayi kuma da ƙurar hunturu in sun shiga mahaɗan ƙarfe su kan ci su kamar zarto, sai an riƙa ɗura giris kowace ranar aiki. Manomi ma ya lura: ƙasar sama mai taki ba ta da kauri a nan, in aka kankare ta aka cika rami da ita, tudun da aka yanke zai yi shekaru bai ba da gero ba. Gara a tara ta gefe, a gyara ƙasa, a mai da ita.

Na san abin da za a ce mini. Mai fili zai ce kuɗi ya biya, da sa'a a ke lissafi, in direba ya tsaya yana tafiyar hawainiya aljihunsa ke ƙonewa. Maganarsa tana da kama, ba na raina ta. Amma sa'o'in nan da ya ke tsoro, yawancinsu rashin shiri ke cinye su. Ba a fafe gora ranar tafiya. In da tun jajibiri ya sa yara sun tone kututture, sun kwashe duwatsu, an kafa fegi an ja igiya, an auna da tiyon ruwa irin na magina an san inda tudu ya ke da inda kwari ya ke, da tarakta ta zo ta gama cikin rabin lokacin. Wannan aiki na gayya ne, ba ya cin kome sai fura da goro. Wani filin ma, in ƙarami ne, shanun huɗa da cebur da kwando sun ishe shi, kamar yadda suka ishi iyayenmu tun da aka kawo garmar shanu Arewa wajen 1930.

Mu tuna kuma ba mu ne farkon waɗanda ƙasa ta karya wa ƙarfe ba. Turawan Ingila da kansu sun kai manyan injuna Tanganyika a 1947 don noman gyaɗa, saiwoyi da busasshiyar ƙasa suka lalata su, aka watsar da aikin a 1951. Irinsa da aka fara a Mokwa a 1949 bai wuce 1954 ba. Su suna da baitulmali a bayansu. Mu kuwa tarakta guda ita ce ta gari duka, in ta karye cikin watan Mayu wajen gyaran fulotin mutum ɗaya, kafin a samo silinda daga Kano ruwan Yuni ya sauka, masu jiran huɗa da yawa sun yi asarar shukar fari ba su ci ba su sha ba.

Don haka ina ganin abu biyu ya wajaba. Masu ba da haya su ba direba ikon ya ce a'a in an sa shi ture abin da ya fi ƙarfin injin, kada a kore shi don mai fili ya kai ƙara. Mu kuma da za mu fita koyarwa, mu roƙi hukumar makaranta ta gayyato makaniki da tarakta ko da yini guda cikin zango, a nuna mana waɗannan abubuwa da ido a filin makaranta, kowa ya riƙe liba da hannunsa, kafin a rarraba mu Zango da Sandamu da sauran garuruwa.